Kitsen jini ba na masu tumbi kaɗai ba ne: abin da aikin Dakta Helen Hobbs ya nuna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana a kan kitsen jini, wato kolestarol. Duk sa'ad da zancen ya taso, a shafin lafiya ko a rediyo, shawarar ɗaya ce: a rage nama mai kitse, a sassauta man shanu da soye-soye, a motsa jiki. Shawarar ba ta da laifi. Sai dai ta sa jama'a sun ɗauka cewa siriri ba ruwansa da wannan ciwo, wanda kuma nasa ya hau to bakinsa ne ya ja masa. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikin mutum, jikin ne yake haɗa abinsa. Hanta ce ke kwashe shi daga jini, kuma saurin kwashewar akwai hannun gado a cikinsa ƙwarai. Hujjarmu ita ce aikin wata likita Ba'amurkiya, Dakta Helen Hobbs, wadda ta shafe fiye da shekara 40 tana bin wannan magana gida-gida, dangi-dangi.

An haife ta a Boston a 1952. Ta yi digirin farko a jami'ar Stanford, ta gama karatun likita a Case Western Reserve a 1979, ta koma Dallas ta jihar Texas a 1980, inda ta zama shugabar likitoci masu neman ƙwarewa a asibitin Parkland. Likitar asibiti ce, mai zagayen marasa lafiya, ba ta taso a ɗakin gwaje-gwaje ba. Shugaban sashenta, Donald Seldin, shi ya matsa mata ta shiga bincike, ya tura ta wajen Michael Brown da Joseph Goldstein a 1983. Bayan shekara 2 mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel.

Sai an fahimci abin da suka gano kafin a fahimci nata aikin. Kolestarol ba ya narkewa a jini, don haka a cikin wasu ƙananan ƙunshi yake tafiya, mafi haɗarinsu shi ne LDL. A jikin ƙwayoyin hanta akwai wani furotin da ke cafke LDL ya shige da shi ciki, ya sauke, ya dawo waje ya cafko wani; kowane zagaye kusan minti 10 yake ɗauka. Shi ne makarɓin LDL. Wajen kashi 70 cikin 100 na LDL hanta ce ke kwashewa ta wannan hanya. Kowane mutum ya gaji ƙwayar gado biyu da ke ƙera makarɓin, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ta lalace, rabin makarɓai ke aiki, LDL ya ninka sau 2 ko 3 tun daga haihuwa, namiji ya iya gamuwa da toshewar jijiyar zuciya yana ɗan shekara 40 da wani abu. In duka biyun suka lalace, LDL kan haura 500 mg/dL, yaro ya kamu da ciwon zuciya kafin ya kai shekara 20. A yawancin al'ummomin da aka auna, kusan mutum 1 cikin 250 ne ke ɗauke da lalatacciya guda. In wannan lissafi ya hau kanmu, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ana maganar mutum wajen 800,000 ke nan, kuma akasarinsu ba masu ƙiba ba ne.

Aikin Hobbs na farko shi ne tantance ire-iren lalacewar wannan ƙwayar gado. A 1987 ta nuna cewa yawancin masu ciwon a cikin Faransawan Kanada duk ɓaraka iri ɗaya suka gada, wani babban yanki na ƙwayar ne ya ɓace, alamar cewa daga kakanni ƙalilan abin ya yaɗu. Irin haka ne a Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, inda ciwon ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A nan za mu ɗan tsaya, don wannan ne wurin da ake yin asara a asibitocinmu, kuma ba injin tsada ake buƙata ba. Takardar awon kitsen jini lamba huɗu take ɗauke da ita: jimillar kolestarol, HDL (ƙunshin da ake kira mai kyau), tiraigiliserayid (wani nau'in kitsen jini), sai LDL. A mafi yawan ɗakunan gwaji ba a auna LDL kai tsaye, lissafa shi ake yi: a ɗebe HDL daga jimilla, sannan a ɗebe tiraigiliserayid da aka raba da 2.2 in ma'aunin mmol/L ne, ko da 5 in mg/dL ne. Misali, jimilla 7.8, HDL 1.2, tiraigiliserayid 1.5, LDL zai kama 5.9 mmol/L. A ninka da 38.7 a samu kusan 228 mg/dL. Kuskure na farko shi ne cakuɗa ma'aunan biyu: mutum ya ga 5.9 a takardarsa, ya ji a wani wuri an ce ƙasa da 100 lafiya lau, ya ninke takarda ya sa a aljihu. Na biyu, lissafin ba ya aiki in tiraigiliserayid ya wuce 4.5 mmol/L, wato 400 mg/dL. Sai a sake awo bayan awa 9 zuwa 12 ba ci, ruwa kaɗai. Na uku, awo a lokacin jinya. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sauran cututtuka masu zafi suna saukar da kolestarol na ɗan lokaci, sai mai ciwon gado ya fito kamar lafiyayye. A jira makonni bayan warkewa. Juna biyu kuwa ɗaga shi take yi.

Babba da LDL ɗinsa ya kai 4.9 mmol/L, wato 190 mg/dL, ko yaro da nasa ya kai 4.0 alhali akwai tarihin ciwon a gidansu, a yi zargin gado. Kafin a yanke hukunci a kore abu uku da ke ɗaga kolestarol: raunin tayirod (halittar da ke wuya, mai kumbura ta zama maƙoƙo), ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, da toshewar hanyar matsarmama. Daga nan a sa majinyaci ya cire takalmi, ya durƙusa a kan kujera, a shafa agararsa da yatsu biyu. Agarar lafiyayye siririya ce, santsi gare ta. Ta mai wannan ciwo kan yi kauri, a ji gudaji-gudaji masu tauri marasa zafi. A sa shi ya dunƙule hannu a duba jijiyoyin bayan yatsu. A duba ido: farin zobe kewaye da baƙin ido ba komai ba ne a wurin dattijo, amma a ɗan ƙasa da shekara 45 magana ce. Sai tambayar da aka fi mantawa da ita: a gidanku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi, ko ya kwanta bai tashi ba, namiji kafin 55, mace kafin 60? Da yawa za su ce ai ajali ne, kuma gaskiya ne, amma tambayar tana nan. In an tabbatar da mutum ɗaya, kowane ɗansa da kowane ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya yana da rabin yiwuwar ɗauke da abin. Awon dangin mutum ɗaya ya fi awon baƙi 100 a kasuwa kamo masu ciwo.

Maganin kuma yana nan a kantunanmu. Magungunan da ake kira sitatin, irin su atorvastatin 40 zuwa 80 mg, ko rosuvastatin 20 zuwa 40 mg, kan sauke LDL da rabi ko fiye. Ninka ƙwaya ba ya ninka aiki, kusan kashi 6 kawai yake ƙarawa, shi ya sa ƙara ezetimibe 10 mg, mai rage wajen kashi 20, ya fi ci gaba da cusa sitatin. A sake awo bayan mako 4 zuwa 12. Yaran da suka gada ana fara musu tun suna shekara 8 zuwa 10. Mace mai neman ciki, ko mai ciki, ko mai shayarwa ta koma wurin likitanta, galibi dakatar da shi ake yi. Mai shan simvastatin, wani sitatin ɗin, kada ya haɗa da clarithromycin ko magungunan ƙanjamau masu ritonavir, kuma kada ya wuce 20 mg in yana shan amlodipine na hawan jini, don haɗin na iya lalata tsoka. Babbar matsala dai ita ce a sha wata ɗaya, awo ya yi kyau, a ajiye. Ƙwayar gadon ba ta gyaru ba; cikin 'yan makonni LDL zai koma inda yake.

Mu koma Dallas. A 2000 da 2001 Hobbs da abokin aikinta Jonathan Cohen, ɗan asalin Afirka ta Kudu, suka warware wasu cututtuka biyu da ba sa fitowa sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwaya ta ɓangaren uwa da uba duka. Ta farko ita ce sitosterolemiya. Tsirrai ma suna da nasu dangin kolestarol, a man gyaɗa, man waken suya, gyaɗar kanta da sauransu. Hanjin lafiyayye yana mayar da kusan dukkansa waje, abin da ke shiga jiki bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Suka gano cewa furotin biyu, ABCG5 da ABCG8, su ke wannan aikin tare a hanji da hanta. In suka lalace, kitsen tsirrai ya taru a jini, yaro ya fito da gudaji a agara da gwiwar hannu, wani lokaci da ƙarancin jini da manyan ƙwayoyin filatilet, masu daskarar da jini. Awon yau da kullum ba ya bambanta shi da kolestarol, sai a ba yaron shawarar barin man shanu ya koma man gyaɗa, wadda ita ce shawarar da ke ƙara masa ciwo. Sitatin bai cika yi masa aiki ba. Ezetimibe ne maganinsa. Ta biyu kuwa an same ta a wasu iyalai na tsibirin Sardiniya na Italiya da na Labanan: makarɓin LDL lafiyarsa ƙalau, amma furotin ɗin da ke ja shi cikin ƙwayar hanta ne babu. Iyaye awonsu ƙalau, ɗa kuwa nasa ya kai sama.

Wannan ya shafe mu saboda auren zumunci. Ba mun zo sukar al'ada ba ne, kuma yawancin 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke. Lissafin dai irin na sikila ne da kowa ya sani: in uwa da uba duk suna ɗauke da ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Ɗan wa da 'yar ƙani sun fi bare yiwuwar ɗauke da iri ɗaya, tunda kakansu ɗaya. Saboda haka in likita ya ga yaro da gudajin kitse, iyaye kuma 'yan'uwan juna ne, kyawun awon iyayen ba ya wanke gado.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta ya fito ne daga binciken zuciya na Dallas, wanda ta kafa tare da Ronald Victor da kuɗin gidauniyar Donald W. Reynolds, aka fara ɗibar mutane a 2000. An bi gidaje an zaɓo mazauna gundumar, fiye da 3,000 suka ba da jini, aka ɗauki hoton zuciyarsu da hantarsu, aka auna kitsen jikinsu. Da gangan aka sa kusan rabinsu baƙar fata, a lokacin da irin waɗannan bincike kusan duk a kan Turawa ake yin su. A wancan zamani ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa cututtukan gama-gari sun samo asali ne daga sauye-sauyen gado na gama-gari masu ƙaramin tasiri, don haka a tara dubban mutane a kwatanta. Hobbs da Cohen suka ce a duba bakin layi: a jera mutane bisa awonsu, a ɗauki na can sama da na can ƙasa, a karanta ƙwayar gadon da ake zargi harafi bayan harafi.

A 2003 Nabil Seidah a Montreal ya bayyana wani sabon furotin, ƙungiyar Catherine Boileau da Marianne Abifadel a Paris kuma ta nuna cewa wasu iyalan Faransa masu hawan kolestarol sauyi ne a ƙwayar gadonsa ya ja musu. Sunansa PCSK9. Nan da nan aka gane aikinsa: hanta ce ke fitar da shi, ya maƙale wa makarɓin LDL, ya sa a narkar da shi a cikin ƙwaya maimakon ya dawo bakin aiki. A iyalan Faransa ƙarfinsa ne ya yi yawa. Sai Hobbs da Cohen suka juya tambayar: in akwai waɗanda nasu ya yi yawa, ina waɗanda nasu ya mutu? Ai kamata ya yi LDL ɗinsu ya yi ƙasa. Suka ɗauko mutum 128 masu mafi ƙarancin LDL a Dallas, rabinsu baƙar fata, suka karanta ƙwayar. Suka tarar da sauyi biyu, Y142X da C679X. Furotin ɗin jerin ɗigo 692 ne. Na farko yana yanke shi a ɗigo na 142, na biyu a na 679, duka biyun ba sa barin sa ya yi aiki. Kusan kashi 2 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da ɗaya daga ciki, Turawa kuwa bai kai 1 cikin 1,000 ba. An buga wannan a 2005. Da Turawa zalla aka tara a Dallas, da an wuce abin ba a gani ba.

Ƙarancin LDL daban, kuɓuta daga ciwon zuciya daban. Don su gwada na biyun sai suka nemi ajiyayyen jinin wani tsohon bincike mai suna ARIC, wanda tun 1987 yake bin mutane. A cikin baƙar fata 3,363, kashi 2.6 suna da sauyin. LDL ɗinsu ya gaza na saura da kashi 28, ciwon jijiyoyin zuciya kuwa a cikin shekara 15 ya ragu da kashi 88. A cikin Turawa 9,524, kashi 3.2 suna da wani sauyi mai sauƙi, R46L, mai rage LDL da kashi 15, ciwon ya ragu da kashi 47. Sakamakon ya fito a 2006. A yi hattara da 88 ɗin nan: masu sauyin su 85 ne kacal, ɗaya daga cikinsu ya kamu, kuma binciken da suka biyo baya da mutane masu yawa sun sami kariyar da ba ta kai haka ba. Amma alƙiblar ba ta canja ba. A gwaje-gwajen sitatin na shekara 5, rage 1 mmol/L na LDL kan rage haɗari da kusan kashi 22. Waɗannan mutane raguwar tasu ba ta wuce haka ba, kariyarsu kuwa ta zarce nesa, don tun suna ciki suke da ita. Jijiya lissafin shekaru take yi. Shi ya sa muke ganin jiran mai ciwon gado ya kai 50 kafin a fara masa magani ganganci ne.

Saura tambaya ɗaya kafin kamfanonin magani su zuba kuɗi: mutum zai rayu lafiya ba PCSK9 sam? Suka bi dangin masu sauyin har suka sami wata mata mai shekara 32 da ta gaji lalatacciya ta ɓangaren uwa da uba. Ba a ga ɗigon furotin ɗin a jininta ba, LDL ɗinta 14 mg/dL, lafiyarta ƙalau, ta yi karatu, ta haihu. A 2007 wasu masu bincike suka sami ta biyu a Zimbabuwe, mai C679X biyu, LDL 0.4 mmol/L. An kuma samu wannan sauyi na C679X a cikin Yarbawa a nan Najeriya. Daga wannan nahiya aka tafi da shi.

A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurai biyu masu kama PCSK9 a jini, alirocumab da evolocumab, shekara 12 kacal da gano furotin ɗin. A gwajin FOURIER na 2017, mai mutum 27,564 da ke shan sitatin, evolocumab ya sauke LDL daga 92 zuwa 30 mg/dL, ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da danginsu da kashi 15 cikin shekara 2 da 'yan watanni. Dalilin da ya sa haɗin ke aiki shi ne sitatin na ƙara yawan makarɓai, amma yana ƙara PCSK9 mai cinye su a lokaci guda. Allurar ke toshe wannan yoyo. Hobbs ta karɓi kyautar Breakthrough ta 2016, dala miliyan 3. To amma allurar da ta fito daga binciken jinin jikokin Afirka ta shigo kasuwa a kan kusan dala 14,000 a shekara, ko da aka rage a 2018 ta tsaya wajen 5,850. Ana yin ta a ƙarƙashin fata duk mako 2, a ajiye a firji tsakanin digiri 2 da 8. In an fito da evolocumab kada zafi ya wuce 25, kuma a yi amfani da shi cikin kwana 30. Mai zaune a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ga halin wutar lantarki, ya san abin da wannan ke nufi. Akwai sabuwa, inclisiran, da ake yi sau 2 a shekara bayan alluran farko, amma ita ma ba ta talaka ba ce. A wurinmu amfanin binciken a yau shi ne darasin fara magani da wuri da ƙwayoyi masu araha.

A taƙaice mu ambaci Lp(a), wani ɗan'uwan LDL. Tun 1992 Hobbs da abokan aikinta suka nuna cewa fiye da kashi 90 na bambancinsa tsakanin mutane ƙwayar gado guda ce ke yanke shi. Abinci ba ya sauke shi, sitatin ma haka, kuma ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka. Sau ɗaya a rayuwa ya isa a auna; sama da 50 mg/dL dalili ne na ƙara matsa wa LDL da hawan jini da taba.

Sai hanta. Da na'urar maganaɗisu aka auna kitsen hantar mutum sama da 2,000 a Dallas, aka ɗauki kashi 5.5 a matsayin iyaka. A 2004 sakamako ya nuna kitsen hanta a kashi 45 na 'yan asalin Latin Amurka, 33 na Turawa, 24 na baƙar fata, kuma ƙiba kaɗai ba ta bayyana wannan bambanci ba. A 2008 suka gano sauyin I148M a ƙwayar PNPLA3, wanda yawansa a cikin waɗannan al'ummomi ya bi wannan jeri: kashi 49, 23, 17. Mai guda biyu kitsen hantarsa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya, daga baya kuma aka danganta shi da kumburin hanta, ƙanƙancewarta da sankara. A 2014 suka ƙara TM6SF2, wanda ke hana hanta fitar da kitse zuwa jini: awon jini ya yi kyau, hanta kuwa ta cika. Ba kowane ƙaramin awo ne abin murna ba ke nan.

Kada wani ya ce to tunda gado ne a ci a sha. A 2017 suka raba mutanen Dallas bisa nauyi. A cikin sirara, an sami kitsen hanta a kashi 9 na marasa sauyin, 18 na masu guda biyu. A cikin masu ƙiba sosai, 55 da 84. Ƙwayar gadon na nan kwance, ƙiba da lemon kwalba da giya ke tashe ta. Rage kashi 7 zuwa 10 na nauyi yana sauke kitsen da kumburin. A ƙasarmu dai duk wanda awon hantarsa ya hau, a fara da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, a tambaye shi jiƙe-jiƙe da magungunan da yake sha, kafin a ɗora wa kitse. Hoton sikanin na yau da kullum ba ya ganin kitse kaɗan, kuma ba ya faɗin ko hanta ta fara tabo. Akwai lissafin FIB-4 da kowane likita zai yi a waya: shekaru sau AST, a raba da adadin filatilet sau tushen ALT (AST da ALT lambobi ne na awon hanta). Ƙasa da 1.3 hankali ya kwanta, sama da 2.67 a tura wa ƙwararre.

Abin da muke nema daga asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai bai fi ƙarfinsu ba. Sakamakon Dallas ba zai tsaya a madadin awon Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba, don bambancin gado tsakanin al'ummomin Afirka ya fi na kowace nahiya, amma rabonsu a manyan binciken gado na duniya wajen kashi 2 ne. Shirin H3Africa na binciken gado a Afirka ya fara rage giɓin, har da cibiyoyi a Navrongo ta Gana da Nanoro ta Burkina Faso da suka yi nazarin ƙiba da kitsen jini. Hanyar Hobbs ta fi dacewa da mai ƙaramin aljihu, tunda ba ta buƙatar dubban mutane. A buɗe rajistar ɗakin gwaji ta shekara guda, a ware kashi 5 na sama da kashi 5 na ƙasa a LDL. A kira su a sake awo suna cikin ƙoshin lafiya. A na ƙasa a cire masu shan sitatin, masu tarin fuka, ciwon hanta, sankara ko tamowa. A na sama a cire abu ukun da muka lissafa. Waɗanda suka rage a zana musu bishiyar dangi ta hawa uku, a ɗebi jini mililita 5 a kwalba mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, bayan amincewarsu a rubuce cikin harshen da suke ji da kuma izinin kwamitin ɗa'a, a ajiye a firiza mai hasken rana.

Wuraren da aikin ke lalacewa sanannu ne. Takardar neman awo ba lambar waya, ba shekaru, sai "babba", don haka ba a iya nemo mai jinin. Firiza ta narke ta sake daskarewa, ruwan jini ya lalace. A wajen zanen dangi kuma dole a tambaya ɗaya bayan ɗaya ko uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko 'yan uba, ko 'ya'yan baffa, ko ɗan riƙo, don duk "ƙanena" za a ce, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya rushe lissafin. Gidajenmu masu mata biyu ko uku da 'ya'ya 15 suna da wata fa'ida da masu binciken Dallas ba su samu ba: in hawan LDL ya bayyana a ɗakin uwargida da na amarya, ta uba ya zo, in a ɗaki ɗaya ya tsaya, a auna uwar da 'yan'uwanta. Amma awon gado na iya tono abin da ba shi aka je nema ba game da nasaba, ko ya hana yarinya miji in maganar ta fita. Saboda haka sakamakon kowa a hannunsa za a ba shi, shi kaɗai, ba ta hannun maigida ko surukai ba, kuma a rajista a sa lamba a madadin suna.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Naku,
Wasu likitocin zuciya da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje,
Kano.